Kawu Fenta

A zauren gidan kakanmu da ke Malumfashi akwai wani gefen bango, ta hannun hagu in za ka shiga, wanda tun da na yi wayo ba a taɓa yi masa yaɓe ba. Nan Kawu ke goge buroshi in ya tashi daga aiki. Ja kan kore, kore kan shuɗi, fari kan baƙi, shekara arba'in ana yi, har wurin ya yi kauri yana ƙyalli kamar bayan tsohuwar ƙwarya. Muna yara mukan sa farce mu ɓamɓaro ɓawonsa, mu ƙirga launi nawa ne a ciki. Inna, wadda yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ke fitowa ta kore mu: "Ku bar masa bangonsa."

Fenta duk garin ke ce masa, 'ya'yansa ma a makaranta 'ya'yan Fenta ne. Daga tashar mota zuwa bakin kasuwa, duk rubutun da ka gani a bango ko a jikin kwano a wancan zamani, da wuya ba hannunsa ba ne: allon kemis, allon tela, na mai injin niƙa, BA SHIGA a ƙofar gidajen matan aure, BA BASHI a saman teburin mai shayi, AN HANA FITSARI A NAN a katangar masallaci. A jikin waɗannan na koyi haɗa baƙi tun ban san ƙofar firamare ba, kuma ba ni kaɗai ba. Shi ya sa in ana lissafin waɗanda suka koya wa ƙasar nan karatun boko, a ambaci malaman makaranta, a ambaci marubuta littattafai, a tsaya nan, sai in ji lissafin bai cika ba. Masu fenti na ƙananan garuruwa sun shimfiɗa mana karatu a bakin titi, babu kuɗin makaranta, babu bulala.

Hannun nan kuwa gado ne, ko da yake wanda aka gada bai so aka bi da shi ta nan ba.

Kakanmu alaramma ne. Tun yana kolo aka tura shi gabas, ƙasar Barno, bai dawo ba sai da gemu, da hadda, da hannun rubutu wanda har Bakori da Ƙanƙara an san shi. Sau huɗu ya rubuta Alƙur'ani da ka. Ɗaya yana nan wajenmu cikin gafakarsa, warƙa-warƙa, ba ɗinki. Takardarsa mai tambarin jinjirin wata uku ce, in ka ɗaga ta a rana sai ka gan su a jere cikin jikinta. A Italiya ake yin ta a wancan zamani, fatake sun daɗe suna ratso Sahara da ita daga Tarabulus. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya da kore. Tawadar allo da zuge da ƙaro yake haɗa ta don ta wanku, ta takarda kuwa da bagaruwa don ta zauna har abada. Amma abin da ya fi kawo hatsi gidan shi ne zayyana. Duk yaron da zai yi sauka a unguwannin nan, kakanmu ke ƙawata masa allo, Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, zane kala-kala ya kewaye su, a ɗauka a zaga dangi da shi. Da bugaggen Alƙur'ani ya fara yawa a kasuwa, irin wanda aka ɗauki hoton rubutun malaman Kano aka buga dubbai, masu zuwa a rubuta musu da hannu suka ja baya. Inna ta ce bai taɓa kuka da haka ba. Cewa ya yi, tunda talaka zai iya mallakar Littafi, to alhamdu lillahi. Sai dai ya rage fiƙe alƙalami.

An haifi Kawu a 1944, shekarar da Sarkin Katsina Dikko ya rasu aka naɗa Usman Nagogo. Da mutanen hakimi suka zo ɗibar yara elementare, aka tura shi ƙauye wajen gwaggonsa har ƙura ta lafa. Boko dai bai ƙyale shi ba. Shekarun 1950 ne, lokacin Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina, yake cikin manyan jagororinsa. Akwai aji na manya a zauren mai unguwa bayan la'asar, Kawu yakan raɓe a bakin ƙofa bayan magidanta, yana kallon allo. Karatun bai dame shi ba kamar surar haruffan. In ya sami tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ko Himma, jaridar Lardin Katsina, manyan baƙaƙen kanun labari yake bi da yatsa, sa'an nan ya zana su a ƙasa da tsinke.

Ranar da asiri ya tonu, a bayan allonsa aka gani. Ya cika shi da A da B da G da tawadar karatu. Gidan ya yi tsit, kowa na jiran dorina. Kakanmu ya karɓi allon, ya daɗe yana dubawa, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne: "Layinka ya karkace." Sa'an nan ya sa aka wanke bayan allon a wani kasko dabam, ba wanda ake wanke karatu ba, aka zubar a bayan gida. Bai sake tayar da maganar ba. Kawu ya ba ni labarin nan ya fi sau goma, kullum kuma a kan kalmomin nan uku yake tsayawa, don a wajensa izini ne.

Funtuwa ce ta mayar da shi fenta. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa ta ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ga gidan gurzar auduga, ga kantuna, ga baƙi daga ko'ina. Da kakar auduga samarinmu can suke tafiya neman kuɗi. Kawu ya fara da dako a fuloti, daga baya aka ga yana da hannu, aka ba shi aikin buga lamba a jikin dila. A hanyarsa ta zuwa aiki akwai rumfar wani Ibo mai rubuta alluna da jikin motoci. Kullum sai ya tsaya kallo har ya makara. Wata rana mutumin ya miƙo masa gwangwani ya ce ya wanke buroshi. Shekara biyar ya yi a rumfar. Oga yake ce masa, ban taɓa jin ya kira shi da wani suna ba. A wajensa ya koyi kankare tsatsa da sanfefa, da shafa jan fenti a ƙasa kafin fari, da sirka fenti da kananzir daidai yadda ba zai zuba ba kuma ba zai ja buroshi ba, da yi wa harafi inuwa ta gefe ɗaya har ya zama kamar ya taso daga jikin kwano. Oga kuma ya ƙaru da shi, don Kawu ne ke rubuta masa ajami in Alhazai sun kawo aiki.

Sai 1966 ta zo. Abin da aka yi wa mutanen Gabas a garuruwan Arewa a shekarar nan zalunci ne, Kawu bai taɓa kiransa da wani suna ba, ni ma ba zan kira shi da wani ba. Shi ya ɗauki akwatin Oga a ka, da asuba, ya bi da shi da matarsa ta bayan gari har inda suka sami mota. Mutumin ya bar masa buroshi bakwai cikin gwangwanin madara, da sandar da ake dogara hannu a kai, mai ƙullin tsumma a baki. Ba su sake haɗuwa ba. Gyaran mota, aikin famfo, ɗaukar hoto, fenti, duk sun yi giɓi a lokacin, yaran gida suka shiga gurbin. Kawu ya san a gurbin wa ya shiga, kuma har ya tsufa in an yaba aikinsa sai ya ce, "Ba ku ga na Oga ba."

Da ya dawo gida da niyyar kafa rumfa, kakanmu ya gindaya masa sharaɗi uku. Kada ya zana mai rai. Kada ya rubuta allon gidan giya. Kada ya sa aya ko sunan Allah a inda ƙafa ko taɓo ko fitsari zai kai. Ya riƙe su har ya koma ga Mahaliccinsa, ya kuma ƙara na huɗu da kansa: in allo ya haɗa ajami da boko, ajami ne a sama. Shi ya sa allon wanzami na zamani a garinmu babu kawunan mutane irin na Sabon Gari, almakashi ne da mataji. In Alhaji ya dawo daga Makka, jirgin sama Kawu ke zana masa a bakin zaure, tagogi a jere, babu fuska ko ɗaya a ciki.

Ya kuwa dawo a kan gaɓa, don ƙasar ta shiga sauye-sauye, kowane sauyi kuma sai an sake allo. A 1967 aka wayi gari muna Jihar Arewa ta Tsakiya. Ran 2 ga Afrilu 1972 motoci suka koma bin dama, ya kwana uku yana rubuta A BI DAMA. Farkon 1973 fam da sule suka tafi, naira da kwabo suka zo, fam ɗaya naira biyu, duk mai allon farashi ya zo layi. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo a 1975, kantuna suka tsiro. A shekarar ne kuma aka fara aikin gona na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, wanda ya haɗo har da ƙasar Malumfashi, ga rumbunan taki a ƙauyuka kowanne na son allo. 1976 ta fi kowace: jiha ta koma Kaduna, En'e ta zama ƙaramar hukuma, ga UPE, makarantu na tashi a ƙauyukan da ba su taɓa ganin alli ba. Kawu ya sayi babur, ya ɗaura tsani a baya, yana shafa baƙin allo a aji, yana rubuta sunan makaranta a bakin hanya. Da kuɗin shekarar ya rufa wa kakarmu ɗaki da kwano.

A lokacin nan ne na zama yaronsa na ranar Asabar. Aikin da ba na mantawa na wata motar katako ce, Marsandi 911, sabon bodi, ƙamshin katako bai gama fita ba. Direban ya zo da yaran motarsa biyu, ya ce, "Fenta, so nake in na doso tashar Funtuwa a karanta tun daga nesa." HASSADA GA MAI RABO TAKI yake so a goshin motar. Kawu ya ce masa to, amma ya haƙura da lodi kwana biyu, don hunturu ne, fenti na saurin bushewa amma ƙura na manne masa, sai da sassafe ake aiki kafin iska ta taso.

Ya hau tsani, ni ina kan rufin gaban motar. Ya ciro zare, ya murza shi cikin garin bula, ya ba ni baki ɗaya. "Ɗan Yaya, danne nan. Kada ka motsa." Ya ja ɗaya bakin ya ɗame, ya tsinko tsakiya da yatsa biyu ya saki. Tas! Layi shuɗi ya fito a miƙe kan farin katako. Muka yi na ƙasa. Daga nan ya ƙirga da yatsu, baƙi ashirin, gurbi huɗu, tsakiya ta faɗo a kan MAI. Daga MAI ɗin ya fara zanawa da alli, ya yi dama, ya dawo ya yi hagu, yana rage wa I wuri yana ƙara wa M, don a cewarsa harafi kamar mutane ne a tabarma, ba kowa ke cin wuri ɗaya ba. Buroshinsa ya yanke masa baki a karkace da reza, yadda kakanmu ke fiƙe alƙalami. Ya yi bisimilla a hankali, ya dogara sandar Oga a jikin katako, ya ɗora wuyan hannu a kai, ya ja H daga sama zuwa ƙasa da numfashi ɗaya. Inda ya sauko layin ya yi kauri, inda ya gitta ya sirance. Duk wanda ya yi karatun allo, in ya ga bokon Kawu, zai ji kamar ya san shi a wani wuri.

Da aka gama, direban ya ce a sa masa ALLAH YA KIYAYE a katakon baya, ƙasa, kusa da taya, a kuma zana zaki. Kawu ya ce zaki sai Funtuwa, akwai masu yi. Sunan Allah kuwa in dai shi zai rubuta, sama da gilashi zai sa. Direban ya ƙara kuɗi. Kawu ya ci gaba da wanke buroshi da kananzir, ya shafa musu man gyaɗa don kada su ƙage, bai ɗago ba. A ƙarshe sama da gilashin aka sa, a baya kuma aka rubuta SAI MUN DAWO.

Siyasa ma ta ciyar da mu. A 1979 da safe zai zana mabuɗin PRP a katangar wani, da yamma ya zana gida da masara na NPN a ta maƙwabcinsa, duk da kowa ya san zuciyarsa na wajen Malam Aminu Kano, kuma ranar da aka ce Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna har goro ya raba. Mabuɗi da masara ba su karya sharaɗi ba. Zamanin SDP da NRC ne ya zo da matsala, ɗaya doki, ɗaya tsuntsu. Sai ya rubuta haruffa, ya bar fili a tsakiya, masu jam'iyya su nemo yaron da zai cike. Rabin kuɗi ake ba shi, ya karɓa.

Ran 23 ga Satumba 1987 Janar Babangida ya ba mu Jihar Katsina. Murna kamar Sallah, aiki kuma har ya fi ƙarfin mutum ɗaya: ofisoshi, makarantu, asibitoci, lambar mota daga KD zuwa KT. Nan wasu suka gano dabara. KADUNA da KATSINA farkonsu ɗaya, ƙarshensu ɗaya, sai a shafe DU a cusa TSI a gurbin, baƙi uku a mazaunin biyu. Har yau in ka shiga wasu ƙauyuka za ka ga irin wannan allo, tsakiyarsa a matse. Kawu ya ƙi. Layin duka yake shafewa, ya jira ya bushe, ya buga zare, ya ƙirga daga tsakiya. Ya yi asarar ayyuka da dama a watannin nan saboda jinkiri, Inna har faɗa ta yi masa. Ya ce mata, "Yaya, sunan garin Sarki ne, ba zan rubuta shi a tsugune ba."

Daga nan kasuwa ta fara ja baya, a hankali. Tun 1986 darajar naira ke zubewa, galan ɗin fenti ya yi tsadar da mai shayi ba zai iya ba. Da wayar hannu ta shigo a 2001, kamfanoni suka riƙa turo ma'aikatansu daga birni suna shafe shaguna da launinsu kyauta. Sa'an nan bana ta zo, wadda inji ke bugawa a kan leda, da hoton mai shago da na kayansa, yau ka ba da aiki gobe ka karɓa. Abin da ya sami uban, shi ya sami ɗan. Kawu ya koma yanka haruffa a tsohon fim ɗin hoton ƙirji na asibiti, yana buga sunan makaranta a benci da aljihun rigunan 'yan firamare. 'Ya'yansa maza uku, babu wanda ya ɗauki buroshi, bai kuma tilasta wa kowa ba.

Rashin ciniki bai ƙona masa rai ba kamar rashin ƙugiya. Haruffan nan uku, ɓ da ɗ da ƙ, ba da su boko ya zo mana ba. Da farko ɗigo ake sawa a ƙarƙashin harafi ko 'yar alama a gefensa, sai a ƙarshen shekarun 1930 masu lanƙwasa suka zauna a rubutun Hausa, kuma da su Kawu ya buɗe ido a jarida. Ƙugiyar Ƙ ɗinsa kamar wuyan gauraka take, da ita ake gane aikinsa. Sai ga bana ta cika gari babu ko ɗaya. MASAUKIN BAKI. MAI DINKI. Wani maɗori, dattijo mai mutunci, aka buga masa MAI GYARAN KASHI aka rataya a ƙofar gidansa, yara na wucewa suna nunawa. Kawu ya je shagon da aka buga, yaron ya ce masa, "Baba, kwamfuta ba ta da shi." Ba gaskiya ba ne, tana da shi, ba a dai koya wa yaron inda yake ba, kuma wannan laifinmu ne mu malaman makaranta kafin ya zama nasa. Kawu bai yi musu ba. Washegari da sassafe ya ɗauki ƙaramin buroshi da gwangwanin madara, ya je ƙofar maɗorin, ya taka kujera, ya ɗora wa K ƙugiyarta. Daga ranar ya mayar da abin aikinsa. Yana tafe da gwangwani a hannu, in ya ga bana ya yi sallama, ya nemi izini, ya gyara, ba ya karɓar ko kwabo. Wasu su yi godiya, wasu su ce tsufa ne.

Aikinsa na ƙarshe ba da fenti ya yi shi ba. Da 'yata ta fari za ta yi sauka, na ce zan sayo allon zayyana a Kano. Ya ce in kawo masa farin allo kawai. Ya sa aka nemo zuge da ƙaro, ya fiƙe alƙalami, ya zauna a zaure daidai inda kakanmu ke zama, gefen bangon nan nasa. Hannunsa ya riga ya fara rawa, ido kuma ya yi rauni, sai da ya yi sati uku. Ni na riƙe masa zare. Ya rasu shekara biyu bayan Sarkin Katsina Kabir Usman, da damina, Allah ya jiƙansa, ya jiƙan iyayensa.

Bara na je gida, na tsaya shan shayi kusa da tasha, sai na ga kwanon da mai shayin ya kare murhunsa da shi. Tsohon allon wata firamare ne, gefensa ya yi baƙi da hayaƙi, amma jan fentin ƙasa bai bar tsatsa ta ci shi ba. Rana ta yi gora, haskenta na dukan kwanon a karkace, sai ga tudun tsofaffin haruffa ya fito a ƙarƙashin farin: KADUNA a kwance, KATSINA a kanta, kowane baƙi da wurinsa. Na ce ya sayar mini. Ya ce, "Haba Malam, aikin Fenta ne fa. Shekara nawa yana shan rana da wuta, ko ɓarewa bai yi ba. In na ba ka, da me zan tare iska?" Na ƙara masa kuɗi, ya ƙi. Sai na ja benci na koma ta gefen da rubutun yake, na ce ya ƙaro mini shayi.